Hasken da Baba Ya Ƙi

4 ga Maris

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da ƙafarta mai ciwo, da duk agogunan da ke rataye a shago. Yaya idon hagun nan? Kana dai ɗiga maganin ko? Ni lafiyata lau, sai kewarku.

Ka ce in daina yi maka bayanin aikina da rabin baki, in rubuto dalla-dalla yadda za ka iya mayar wa masu zama a bencin shago. To ga shi. Tun ranar da muka iso filin gwajin nan aka karɓe wayoyinmu aka kulle a ofis, sai an gama, wata huɗu ke nan. Wasiƙa kaɗai aka yarda da ita, ita ma motar ofis ke fita da ita sau ɗaya a mako biyu. Na san wannan ya yi maka daɗi, tunda dama kai da waya ba kwa ga-maciji.

Jirage biyu gare mu. Idan suka tashi sai su rabu, tsakaninsu ya kai tafiyar awa biyu a mota. A ƙarƙashin cikin kowanne akwai wata 'yar ƙwarya ta gilashi. Abin da muke nema shi ne jirgi ɗaya ya miƙa wa ɗan'uwansa bayanai, hotuna da taswira da komai, ba ta rediyo ba, ta cikin haske. Sunan hasken leza. Siriri ne, ba ya bazuwa kamar na tocila, kuma yana ƙyaftawa sau miliyoyi kafin ka buɗe baki, kowace ƙyaftawa da abin da take faɗa. Duk littattafan da ke ɗakinka zai kwashe ya miƙa kafin ka kai kofin shayi baki.

Wahalar tana wajen saiti. Ka ɗauka kana kan keke a guje, ni ma ina kan wani keken, kana so ka zura zare a allurar da ke hannuna. Akwai wani ɗan madubi, bai wuce farcen babban yatsa ba, shi ke juya hasken yana bin ɗaya jirgin duk yadda iska ta jijjiga mu. Ni ke kula da shi. Ranar da na fara kwance shi da hantsaki, shugaban gwajinmu, wani mutum mara dariya da muke kira Dogo, ya tsaya a kaina ya ce, “Wa ya koya miki riƙe numfashi haka?” Na ce, “Mai gyaran agogo.” Ya ce, “Ki gaishe shi.” To na isar.

Kuma Baba, kada ka ji an ce haske ka raina shi. Ido ba ya ganinsa, amma idan ya shiga idon mutum, kafin ya ƙifta ya ƙone masa jijiyar gani, kuma babu likitan da zai dawo da ita. Ba mai shiga rumfar jirage sai da baƙin tabarau, ga jar fitila a ƙofa. Ka gaya wa 'yan benci irin abin da 'yarka take wasa da shi.

Ka ce wa Gwaggo ta rage tsayuwa.

'Yarka.

21 ga Maris

Uwata,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso ranar Litinin. Na karanta sau uku, na huɗun kuma a gaban jama'a. Tela ya ce ƙarya ne, babu hasken da ke ɗaukar littafi. Na tuna masa cewa lokacin da aka ce keken ɗinki zai yi aiki da lantarki, haka ya ce. Bai ƙara tankawa ba har ya tashi.

Muna lafiya. Ƙafar Gwaggonki ta yi sauƙi, bakin ne dai har yanzu babu sauƙi. Ido kuma alhamdu lillahi.

Aiki yana nan yadda kika san shi, sai dai masu ƙera agogo na yanzu ba su da tsoron Allah. Sukurorinsu kullum ƙara ƙanƙancewa suke yi. Makon jiya ɗaya ya kuɓuce mini, na yi kwana biyu ina nema, na share shago har ƙarƙashin benci. Gwaggonki ta kawo mini abinci, ta ce, “Yaya, wannan fa?” Ashe yana nan gefen gwiwar hannuna a kan tebur. Tun ranar ba ta bar ni na sha ruwa ba.

Ki gaida Dogo, ki ce ina amsawa. Mutumin da ya lura da numfashin mai aiki ya san aiki.

Amma ƙarshen takardarki bai yi mini daɗi ba. Na karanta wa 'yan benci da murya mai ƙarfi, suna ta mamaki, ni kuwa idonki kawai nake tunani. Uwata, ido biyu Allah ya ba ki, kuma ba a sayar da na canji. Kada ki cire tabaran nan ko da Dogon ne da kansa ya ce ki cire. Ranar da mahaifiyarki za ta rasu, ke ta damƙa mini, kuma da idonki biyu ta damƙa ki. Haka nake so in ci gaba da riƙe amana.

Sai wata tambaya. Ba tawa ba ce, ta wani mai kawo mini agogo ce. Shin duk abin da ake kira leza halinsa ɗaya? Idan aka ce wa mutum ya buɗe ido a haska masa, aka ce masa ba komai, ke me za ki ce masa? Ki ba ni amsa a rubuce yadda zan nuna masa. Kin san halina, ko agogo ba na karɓa sai na rubuta takarda, ba na kuma mayarwa sai an kawo ta.

Allah ya yi miki albarka, ya sauko da ke lafiya duk lokacin da kika hau.

Mahaifinki.

5 ga Afrilu

Baba,

Gaisuwa da fatan alheri, kai da Gwaggo. Lafiyata lau. Ka yi haƙuri da gajartar wannan, a tsaye nake rubutawa, direba yana ta danna mini ham.

Abubuwa sun cakuɗe mana. Jiragen suna samun juna, hasken ya kama, bayanai su fara wucewa, sai bayan daƙiƙa arba'in ya yanke. Kullum arba'in, sai ka ce an yi masa iyaka. Ina zargin sanyin sama ne ke sa maƙalin madubina ya ƙanƙance. Sau tara muka tashi a mako biyu. Babban gwaji yana tsakiyar Yuni, manya za su zo kallo, idan bai yi ba za a naɗe aikin gaba ɗaya. Ka sa mu a addu'a.

Tabarau yana fuskata kullum, har ya yi mini zane a hanci, ka kwantar da hankalinka.

Shi kuwa mai agogon naka, ka ce masa kada ya kuskura. Na san irinsu, masu yawo da ɗan tocila mai jan ɗigo suna burge mutane. Leza ba ta da ƙarama idan aka zo maganar ido. Duk wanda ya ce ka buɗe ido ya haska maka, ka tashi ka bar masa wurin, ko waye shi. Ka nuna masa wannan, ka ce injiniya ce ta faɗa.

Af, Baba, rubutunka ya yi ƙiba! Abin da da kake cusawa a rabin shafi yanzu ya ci takarda biyu. Alƙalamin ne ya canza, ko so kake Tela ya hango daga shagonsa?

'Yarka.

19 ga Mayu

'Yar nan,

Gwaggonki ce. Ina gaishe ki, ina fatan kina lafiya. Ƙafata da sauƙi. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna ya manta alƙalami.

Wasiƙunki biyu na bayan nan sun iso, wadda kike tambaya ko lafiya, da wadda kike fushi an yi miki shiru. Suna ƙarƙashin matashin ubanki. Ni na karanta masa su. Bai ba ki amsa ba ne don ya gwada sau uku, layin yana ɓace masa, yana rubutu a kan rubutu, ya ce ba zai aika miki abin kunya ba. Ya sa ni na rantse ba zan gaya miki ba sai kin gama gwajinki. Na rantse, kuma ga shi ina karyawa, zan yi kaffara.

Tun kafin ki tafi likita ta gaya masa idon dama ya bi hanyar na hagu. Ta ce ruwan cikin idon ba ya samun mafita, yana danne jijiya, yana cinye gani daga gefe-gefe. Maganin ɗigawa ya daina riƙewa. Ta ce akwai aikin da za a yi masa da leza, a buɗe wa ruwan hanya, ko kwanciya ba zai yi ba. Har an ba shi rana a ƙarshen Maris, ya yarda. Sai ga wasiƙarki ta farko. Ya ɗaga ranar, ya ce sai ya tambayi Uwata. Kin dai gane waye mai kawo agogon nan.

Da amsarki ta zo, ya sa babbar riga, ya ce in raka shi asibiti. Na yi murna, na ɗauka ya sauko. Muna shiga ya zaro takardarki ya shimfiɗa a teburin likita, ya sa yatsa a kan layin. Baiwar Allah ta karanta, ta fara dariya, da ta dubi fuskarsa sai ta daina.

Ta ce, “Baba, wannan daban, namu daban.”

Ya ce, “Likita, shekara nawa kina aiki da leza?”

Ta ce, “Shida.”

Ya ce, “A ƙasa ko a sama?”

Ta ce, “A ƙasa, Baba.” Ya ce, “To 'yata a sama take aiki da ita, kuma ta ce ko waye shi.” Ya ninke takardarsa ya sa a aljihu, ya yi mata godiya mai kyau, muka fito. A bakin ƙofa kafaɗarsa ta bugi ƙyaure, ya ce masu gini ne suka tsuke shi.

Na yi magana har na gaji. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani kullum. Ni ce wannan. Tela ya yi magana, limamin unguwa ya yi, duk a banza. Ba taurin kai kaɗai ba ne, 'yar nan. Shi a wurinsa, idan ya yarda da likita, ya ƙaryata ki ke nan a gaban mutane.

Yanzu shayi yana zubawa a gefen kofi. Mutum ya zo ta gefensa ya yi sallama, sai ya firgita. Shekaranjiya na same shi ya jera agogunan hannu goma sha ɗaya a tebur, kowanne da takardarsa, yana aika wa masu su su zo su karɓa, bai gyara ba. Shekara arba'in ban taɓa ganin ya mayar da agogo a mace ba. Na shiga bayan shago na yi kukana.

Likita ta ce abin da ya tafi ya tafi, amma abin da ya rage ana iya tsare shi idan an yi sauri. Ke kika ɗaura, ke za ki kwance. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, na san kanki ya kai nasa tauri. Ki yi amfani da shi.

Gwaggonki.

2 ga Yuni

Babana,

Assalamu alaikum. Ba zan ce lafiyata lau ba, don ƙarya ce. Jikina lafiya, zuciyata ce ba lafiya.

Wasiƙar Gwaggo ta iso yau da hantsi. Kada ka yi mata faɗa, ni za ka yi wa. Ina gama karantawa na tafi wurin Dogo da takardar a hannu, na miƙa masa. Ya karanta, ya ɗauko makulli ya buɗe ofis, ya miƙo mini wayata, ya fita ya ja ƙofa. Sauran ka sani. Na yi minti goma ina bayani, ka ce, “Muryar mai lallashi nake ji, Uwata. A rubuce kika hana, ki rubuto.” Ka miƙa wa Gwaggo wayar. Na ji haushi, amma na san kana da gaskiya ta wani gefen, don a waya babu abin da ba zan faɗa ba. To ga shi a rubuce. Ɗaya daga cikin matuƙanmu zai fita gari yau, shi zai sa ta a saƙon gaggawa.

Zan fara da abin kunyar. Baba, na zuzuta. Gaskiya ne leza mai ƙarfi tana lahanta ido idan aka yi ganganci, shi ya sa muke sa tabarau a rumfa. Amma tamu irin da aka zaɓa ce don ta fi sauƙi ga ido, kuma tun da aka fara aikin nan ko mutum ɗaya bai ji ciwo ba. Na rubuta abin da na rubuta ne don ina so ka karanta wa 'yan benci su riƙe baki. Ina so ka ji 'yarka tana aikin da ba kowa ke iyawa ba. Shekara talatin da ɗaya gare ni, amma har yanzu idan na ɗauki alƙalami zan rubuto maka, yarinyar nan ce da ke kawo maka sakamakon jarrabawa a guje.

Amsa ta biyun kuwa ba ni da abin karewa. Ka yi mini tambayar da ta fi kowace muhimmanci a rayuwarka, na karanta ta a tsaye, rabin hankalina yana kan madubi. Na ga rubutunka ya girma, maimakon gabana ya faɗi, sai na yi maka tsiya. Wannan zai daɗe yana cina.

Yanzu ka saurara, injiniya ce ke magana. Ƙarfen da kake gasawa ka liƙa waya a cikin agogo wuta ce, kuma wuta tana cinye gida. Amma ba ka taɓa ƙona shago ba, don ka san gwargwado, ka san inda za ka ɗora. Lezar likita haka take. An auna ƙarfinta don ido, an ƙera ta don ido, tana taɓa wurin da bai kai kan allura ba, ta bar sauran. Ni na san yadda ake aika haske daga jirgi zuwa jirgi. Yadda ake sa shi a idon mutum ban sani ba, ita ta sani. A wannan fagen shekara shidanta a ƙasa ta fi duk tashin da na yi.

Saboda haka na janye abin da na rubuta ranar 5 ga Afrilu, duka. Ka kai wa likita wannan ta karanta, ka ce ina ba ta haƙuri. Ka zauna, ka buɗe ido, ka bar ta ta yi aikinta.

Dogo ya yarda in riƙa kiran Gwaggo duk bayan kwana biyu. Idan ranar Alhamis ta wuce ba ka je ba, zan ajiye hantsaki in hau motar ofis, gwajin ya yi duk yadda zai yi ba tare da ni ba. Na riga na gaya wa Dogo, ya ce ba zai hana ni ba. Kai ka san ba na faɗin abin da ba zan yi ba, don a wurinka na gada.

Ina sonka, Baba. Ban taɓa rubuta maka haka ba, amma tunda sai a rubuce kake yarda, ga shi.

'Yarka, da hannunta da sa hannunta.

22 ga Yuni

Uwata,

Wa alaikumus salam. Da hannuna nake rubuta wannan. Gwaggonki ta ja mini layuka da baƙin alƙalami mai kauri, ina bi a hankali. Idan kika yi dariyar ƙibar rubutun, Allah ya gani. Muna lafiya.

Takardarki ta zo ranar Talata. Laraba da safe muna asibiti, ba don tsoron barazanarki ba, don dai na ga sa hannu. Likita ta karanta har ƙarshe, har inda ba nata ba, ta ciro hankici. Na ce mata nan wurin nawa ne, ta ba ni takardata.

Aikin kuwa abin kunya ne a faɗa. Na ɗora haɓa a kan wani ƙarfe, ta ɗiga magani, na ji ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon bango mai lafiya. Ina jiran a fara, ta ce an gama. Wata biyu da rabi ina gudun abin da bai kai shan shayi ba. Mun koma jiya, ta auna, ta ce ruwan ya samu hanya, nauyin ya sauka, kuma in Allah ya yarda abin da ya rage zai zauna.

Gwaggonki ta ce kin kira, kin ce jiragen sun riƙe juna awa guda cur ba yankewa, har Dogo ya yi dariya. Na sa ta maimaita sau biyu a gaban Tela. Ashe sanyin ne, kamar yadda kika zarga. Allah ya ƙara basira.

Maganar laifi kuma, ki ajiye ta. Wanda ya yi tambaya a karkace ba ya kuka da amsa. Da na ce miki, “Uwata, idona ne, likita ce,” da kin ba ni amsar gaskiya a layi ɗaya. Na ɓuya a bayan mai kawo agogo don ba na so ki san ubanki ya fara lalacewa. Ke kin zuzuta don in yi alfahari da ke, ni na ɓoye don kada ki daina alfahari da ni. Duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

Ba zan ɓoye miki sauran ba, na daina. Watannin nan sun ci abin da suka ci. Agogon hannu ya fi ƙarfina yanzu, na sallame shi. Zan riƙa gyaran na bango da na tebur, masu manyan haƙora, su ma bayin Allah ne. Abin da nake gani tsakiya ne kawai, tas kuwa, amma gefe duk ya tafi. Idan Gwaggonki ta tsaya a gabana ina ganin fuskarta, ba na ganin kafaɗunta. Ta ce dama fuskar ce mai kyau.

Don haka ga abin da nake so idan an sallame ku a ƙarshen wata. Kada ki shigo ta gefe ki tsuguna kusa da kujerata, ba zan gan ki ba, sai dai in ji murya, kuma murya ta ishe ni haka. Ki zo ta gaba. Ki tsaya a bakin ƙofar shago, taku uku daga teburina. Na auna wurin da Gwaggonki, na sa alli a ƙasa, fuska ɗaya yake ɗauka daidai. Ki tsaya a nan, kada ki yi saurin gaisuwa, ki bar ni in gama kallo tukuna.

Mahaifinki.